NASIHA GA MASU ADON GATO DA MASU BA SU AIKI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halatta ciniki Ya haramta zamba, kuma Ya sanya abin da mutum ya samu da hannunsa cikin mafi tsarkin abinci. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, wata baiwar Allah daga Maraɗi ta aiko mana tambaya ta hannun mijinta, kuma mun ga ya dace mu amsa ta a bainar jama'a, domin abin da ya same ta yana samun mata da yawa a Yamai da Damagaram da Tawa. Sana'arta yin gato ce, wato abin da ƴan'uwanmu na Nijeriya ke kira kek, tana gasawa a cikin gidanta, tana yi masa ado yadda mai aiki ya nema. An yi ciniki da ita a kan gaton aure mai hawa 3, jikka 40, aka ba ta jikka 25 kafin alƙalami. Ta sayi fulawa da ƙwai da sukari da man shanu, ta gasa, ta ajiye. Sai a daren jajibirin buki ƙawar amarya ta turo mata saƙo ta WhatsApp da buƙata uku: a zagaye hawan ƙasa da aya ta 21 ta Suratur Rum da Larabci, ayar nan da ke magana a kan natsuwa da soyayya da rahama tsakanin ma'aurata, a ɗora mutum-mutumi biyu na sukari a can sama, ango da amarya, za a ƙara mata jikka 5 a kansu, sa'an nan a rubuta karin maganar nan ta mai wuri da mai tabarma a hawan tsakiya. Angon yana da uwargida, kuma kowa ya san wa ake nufi da mai tabarma.

Zuciyarta ba ta so ba, amma ta ji tsoron asarar cikon kuɗinta da ɓacin sunanta a unguwa, sai ta aikata duka ukun. Bayan buki ta ga hotuna: wuƙa ta ratsa tsakiyar ayar, kwalin da aka ɗora gaton a kansa yana yashe a bakin kwata da ragowar haruffa a jikinsa, kuma labari ya iske ta cewa an nuna wa uwargidan hoton, ta kwana tana kuka. Yanzu tana tambaya: mene ne matsayin kuɗin da ta karɓa, kuma yaya za ta yi in haka ta sake tasowa?

Mun san akwai wanda zai yi murmushi ya ce yanzu har gato ya shigo masallaci. Ya shigo, domin ya riga ya shiga gidajenmu: aure da gato, suna da gato, saukar Alƙur'ani da gato, yaro ya ci jarrabawa da gato. Kuma shi ba kamar tuwo ko fanke ba ne da ake ci a tashi. Abinci ne da ake rubutu a kansa, ake zane a kansa, ake ɗaukar hotonsa ya zagaya gari kafin a kai loma ɗaya baki. Wadda ke riƙe da abin matsa kirem ɗin nan mai tsinin baki alƙalami ne a hannunta, kuma shari'a ba ta taɓa sakin mai alƙalami ta kama mai shifta kaɗai ba. Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) cewa la'anar riba ba ta tsaya kan mai ci da mai bayarwa ba, ta haɗa da wanda ya rubuta da shaidun biyu, alhali marubucin bai ci ko dala ɗaya daga ribar ba. Aya ta 2 ta Suratul Ma'ida kuwa ta umarce mu da taimakekeniya a kan alheri da taƙawa, ta hana mu ita a kan zunubi da ƙetare iyaka. Saboda haka uzurin nan na cewa ni dai an sa ni ne na rubuta, uzuri ne da ba ya tsayawa da ƙafarsa.

Bari mu fara da ayar, domin a nan ne mutanen kirki suka fi ruɗuwa. Wanda ya ce a rubuta aya a kan gato sau da yawa albarka yake nema, ba wulaƙanci ba, kuma zai kawo mana hujjar da ke kusa da hannu: ashe ba ma rubutu a allo mu wanke mu sha? Amsa ita ce, shi kansa rubutun sha malamai sun saɓa a kansa tun zamanin magabata, wasu suka halatta don neman waraka, wasu suka ƙi. To amma ko a wurin waɗanda suka halatta, ku dubi yadda ake yinsa. Mai alwala ne ke rubutawa, a wanke cikin ƙwarya mai tsabta, a shanye har ɗigon ƙarshe, ba a bar ko kaɗan ya zuba inda ƙafa ke takawa. Ku kwatanta wannan da gaton buki, wanda ake girkewa tsakiyar kiɗa da guɗa, a soka masa wuƙa ana tafi, a rarraba shi a ƴan faranti da leda, yara su shafe hannu a jikin bango, abin da ya faɗi ƙasa a share shi da tsintsiya tare da ɓawon gyaɗa. Babu mai iya lamunce wa haruffan nan kariya daga lokacin da gaton ya bar hannun mai yinsa. Malaman Malikiyya sun tsananta ƙwarai a kan wannan babi, har Shaihu Halil a cikin Muhtasar ya ambaci jefa Alƙur'ani cikin ƙazanta da gangan a jerin abubuwan da ke fitar da mutum daga addini. Ba muna cewa ƴar'uwarmu ko masu bukin sun faɗa wannan hukunci ba, Allah Ya tsare, domin babu wanda ya yi nufin wulaƙantawa. Mun kawo shi ne don a ga girman abin da ake wasa a gefensa. Hukuncin da muka natsu da shi: kada a rubuta aya, ko sunan Allah, ko salatin Annabi a kan abin da za a yanka a watsa.

Daga nan wata tambaya ke fitowa wadda ta fi wannan sauƙi amma ta fi yawan aukuwa, wato gaton suna. Jaririn an raɗa masa Abdullahi ko Abdurrahman, ko jaririyar Amatullahi, kuma iyaye na son sunan ya fito. Wannan bai kai matsayin aya ba, domin sunan yaro ake nufi, amma lafazin mai girma yana ciki. Dabara mai kyau ita ce a rubuta sunan a ƴar takarda mai kauri, a kafa ta a saman gaton da tsinke, in an zo yanka a cire ta a adana. Barka da suna, barka da salla, Allah Ya ba da zaman lafiya: na biyun farko babu komai a kansu, na ukun a mayar da shi kan takardar.

Sai mutum-mutumin. Abin mamaki, ya ku bayin Allah, malamanmu sun yi maganar wannan mas'ala tun kafin a san gato a ƙasashenmu, kuma a babin walimar aure suka yi ta, inda suke lissafa abubuwan da ke sauke wa mutum wajibcin amsa gayyata. Shaihu Ahmad Dardir, wanda ya rasu a Misira a 1786, ya fayyace a sharhinsa na Muhtasar cewa siffar mai rai, mutum ko dabba, idan tana da jiki mai inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika, haramun ce. Sa'an nan aka yi tambaya: to in an yi ta da abin da ba ya daɗewa fa, kamar ƙullun fulawa ko ɓawon kankana? Asbag, ɗaya daga manyan Malikiyyan Misira wanda ya rasu a shekara ta 225 bayan hijira, ya sassauta a kan wannan, amma zance mafi rinjaye a mazhaba shi ne haramci ko da abin ba ya daɗewa. Ango da amaryar sukari su ne wannan mas'ala ido da ido. An keɓe ƴar tsana ta wasan ƴan mata, saboda Nana A'isha (RA) ta yi wasa da irinsu a gidan Manzon Allah (SAW), amma saman gaton aure ba ɗakin wasan yara ba ne.

Hoton da ake bugawa da inji a kan takardar da ake ci, shi ba ya da inuwa, don haka a wurin Malikiyya bai kai haramun ba, iyakarsa karhanci. Sai dai a duba abin da ke cikin hoton. Amarya ba lulluɓi, an shimfiɗa ta gaban maza baƙi, wannan wata ƙofa ce daban. Kuma mu dai har yau mun kasa gane daɗin da uwa ke ji ta ga ana yanka fuskar ɗanta gida takwas ana rabawa.

Kada mai sana'a ta ji kamar an toshe mata hanyar abinci. Buhari ya ruwaito cewa wani mutum ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas (RA) ya ce masa da aikin hannunsa yake ci, kuma aikin nasa yin siffofi ne. Ɗan Abbas ya faɗa masa gargaɗin da ya ji daga Manzon Allah (SAW), mutumin ya firgita har fuskarsa ta sauya. Ɗan Abbas bai sallame shi da yunwa ba, sai ya nuna masa itatuwa da duk abin da ba ya da rai, ya ce ya yi waɗannan. Furanni, ganye, taurari, zanen dagi, zayyanar da maginan Damagaram ke yi a fuskar soraye, adon da matan Abzin ke yi a jikin fata: wadda ta iya fitar da waɗannan da sukari ba za ta rasa masu saye ba.

Amma a cikin ukun nan, wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne na tsakiya, karin maganar. Ayar da mutum-mutumin haƙƙin Allah ne, kuma Allah Mai yawan gafara ne ga wanda ya tuba. Habaicin kuwa ya sauka a kan baiwar Allah mai rai, wadda ba ta yi wa mai gato laifin komai ba, wataƙila ma ba su taɓa haɗuwa ba. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili, kuma ba ta wadatu da ambaton mutane a dunƙule ba, sai da ta ware mata ta hana su yi wa mata ƴan'uwansu, sa'an nan ta hana zunɗe da jifa da munanan laƙubba. A da, habaicin kishi a bakin turmi yake ƙarewa, iska ta kwashe. Yau an rubuta shi da kirem mai launi, an ɗauki hoto, yana yawo a wayoyin mutane, ƴaƴan uwargidan ma za su girma su gani. Gidan da aka buɗe da wannan, wace natsuwa ake jira a cikinsa? Ku duba rashin kunyar abin: a hawan ƙasa ayar soyayya da rahama, a hawan da ke bisa kanta cin fuskar matar da ta riga shiga gidan. Haka hukuncin yake ga gaton da ke zagin abokin hamayyar siyasa, da wanda magidanci ke sa a rubuta wa matar da ba tasa ba kalaman da ba zai so iyalinsa su gani ba.

Akwai kuma amanar da ke ƙarƙashin adon, wadda mai aiki ba ya gani. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa ciki, yatsunsa suka taɓa danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi (SAW) ya tuhume shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, kuma ya barranta daga mai algus. Babu sana'ar da wannan hadisi ya fi kama kamar wannan, domin adon gato lulluɓi ne tun asalinsa. Gefen da ya ƙone, wanda ya kwana uku, wanda aka yi da man da wa'adinsa ya wuce, duk kirem na rufe su. Ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke mana lantarki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, firijo suka zama akwatuna har aka ɗage takunkumi a Fabrairun 2024. Ko ba takunkumi, zafin Afrilu ya wuce awo 40, kuma abin da aka haɗa da ƙwai da madara ba ya jure wannan. Wadda ta san kayanta sun juya ta rufe su da furanni, cikin yaran mutane take wasa da shi. A kuma karanta abin da ke rubuce a jikin kayan da ake sayowa: jelatin na Turai mafi yawansa daga fatar alade ake fitar da shi, alhali akwai agar-agar da ake yi da ciyawar teku, ruwan banila sau da yawa a cikin barasa ake jiƙa shi, alhali ga na gari, kuma littattafan girkin Faransa da ake koyo da su suna zuba giyar rom ko kirsh a wasu nau'o'in gato. Idan mai aiki ne ya kawo fulawa da ƙwansa, ragowar tasa ce sai in ya yafe, kuma Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa masu sana'a suna lamunin abin da aka damƙa musu.

Hawan ƙarya ma ya shigo, wato a ɗauko farin abin nan mara nauyi da ake tokare talabijin da shi cikin kwali, a lulluɓe shi da ado, gato mai hawa 5 alhali ɗaya ne kaɗai ake ci. In mai aiki ya sani kuma an rage masa kuɗi, ba a zambace shi ba. Amma shi ya tambayi kansa wa yake son ya ruɗa. Asma'u ƴar Abubakar (RA) ta ruwaito cewa wata mata mai kishiya ta tambayi Annabi (SAW) ko da laifi ta nuna mijinta ya ba ta abin da bai ba ta ba, sai ya kamanta mai yin haka da wanda ya sa tufafin ƙarya guda biyu.

To yaya mai sana'a za ta ƙi ba tare da ta zalunci kowa ba? Wannan rigima ba mu kaɗai ta dama ba. A birnin Belfast na Ireland ta Arewa, a 2014, wani mutum ya ba gidan gasa burodi na Ashers aikin gato na fam 36.50 mai ɗauke da rubutun goyon bayan auren jinsi ɗaya. Masu gidan kiristoci ne. Sun karɓi aikin da kuɗin ba su ce komai ba, sai bayan ƴan kwanaki suka kira shi suka ce ba za su iya ba, suka mayar masa da kuɗinsa. Shari'a ta ɗauki fiye da shekara 4, kotunan ƙasa suka ba su rashin gaskiya, sai a Oktoban 2018 kotun ƙoli ta Birtaniya ta ce abin da suka ƙi saƙon ne, mutumin kuwa da ma suna sayar masa da kaya kuma za su ci gaba. Ba mu kafa hujjar addini da kotun Birtaniya, amma abubuwa biyu a labarin sun dace da fiƙihunmu.

Na farko, bambanci tsakanin ƙin rubutu da ƙin mutum. Maƙwabcinmu kirista ya zo neman gaton aurensa ko na haihuwar ɗansa, a yi masa aiki mai kyau da farashin kowa, da sakin fuska. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba, kuma Manzon Allah (SAW) ya bar duniya sulkensa na jingine wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir. In ya nemi a zana gicciye ko kalmar da ta saɓa wa tauhidi, a ba shi haƙuri a kan wannan kaɗai cikin ladabi. Kuma ma'aunin ya zama ɗaya ga kowa. Game da bukin zagayowar ranar haihuwa malamanmu sun saɓa, ba kuma yau za mu buɗe wannan ba. Amma wadda ta ƙi yi wa talaka da sunan addini, ta yi wa matar mai kuɗi, ta san ba addini ne ya hana ta ba.

Na biyu, kuma shi ne tushen wahalar ƴar'uwarmu ta Maraɗi da ta mutanen Belfast, shi ne yin shiru lokacin karɓar kuɗi. Irin wannan ciniki malamai na kiransa istisna'i, wato a sa mai sana'a ya ƙera abin da babu shi tukuna, kamar yadda Annabi (SAW) ya sa aka yi masa zobe da mumbari. Malikiyya suna auna shi da ma'aunin salam, Hanafiyya suna ɗaukarsa ciniki mai zaman kansa, kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta tabbatar cewa yana ɗaure ɓangarorin biyu muddin an bayyana nau'in abin da siffarsa da yawansa da wa'adinsa. Ko ta wace hanya aka bi, sharaɗin ɗaya ne: a siffanta aikin tun farko yadda ba za a yi jayayya ba. Rubutu da zane suna cikin siffar gato. Saboda haka kafin hannu ya taɓa kafin alƙalami, a tambaya: me za a rubuta, me za a ɗora? A faɗa a fili cewa ba a rubuta aya, ba a yin mutum-mutumi, ba a rubuta habaici. Wanda ya ji haka ya tafi wani wuri, bai yi asarar komai ba. Wanda kuwa aka bari sai ranar bukinsa aka ce masa ba za a yi ba, an cuce shi ko da mai ƙin tana da gaskiya a kan abin da ta ƙi. A mas'alar da ke gabanmu, buƙatun uku ba sa cikin cinikin farko, don haka da ta kai gaton mai hawa 3 da adon furanni, da ta cika alkawarinta, kuma cikon jikka 15 haƙƙinta ne. Abin da ya kamace ta a daren nan shi ne ta sa mijinta ko ita kanta ta kira uwar amarya, domin sau da yawa irin wannan aikin ƙawaye ne, manya ba su da labari.

Ku kuma magidanta da iyaye mata da ke sauraro, ku ne ke biyan kuɗin. Ku tambayi abin da za a rubuta da sunan gidanku kafin a rubuta, kada ku tura matar mutane tsakanin cinikinta da lahirarta da ƙarfe goma na dare.

Game da kuɗin da ta karɓa: jikka 40 na gaton halal ne, domin kayanta ne da wahalarta. Jikka 5 na mutum-mutumin ladan aikin da bai halatta ba ne, ta fitar da su ta ba mabuƙaci, tana mai nufin tsarkake dukiyarta. A kan ayar ta yi istigfari, kuma nadamar da ta sa ta aiko da tambaya alama ce mai kyau. Saura uwargidan. Wannan istigfari kaɗai ba ya share shi, domin haƙƙin bawa sai bawa ya yafe. Ta nemi wata dattijuwa da gidan ke jin nauyinta, su tafi tare a lokacin da amarya da baƙi ba sa nan, ta gaishe ta, ta ce: Yaya, da hannuna aka rubuta abin nan, na yi kuskure, ki yafe mini don Allah. Kada ta tsaya lissafa wanda ya sa ta, domin wannan sabuwar wuta zai kunna a gidan. In uwargidan ta yafe, alhamdu lillahi. In zuciyarta ba ta sauko ba a ranar, kada a matsa mata, a bar ta ta huce, a sake komawa bayan wani lokaci.